Yadda Ake Tantance Tsofaffin Mutum-mutumin Dabbobi na Tagulla da Adana Su

Yawancin ƙananan dabbobin tagulla da ke yawo a kasuwar kayan tarihi daga wurare ƙalilan suka fito. Akwai kyanwar Bastet da bijimin Apis, gumakan tsohuwar Masar, akasarinsu na tsakanin shekara ta 664 da ta 332 kafin Miladiyya. Akwai dawakan Girka masu siririn ciki na ƙarni na 8 kafin Miladiyya, irin waɗanda aka tono da yawa a Olimpiya. Sai kayan Luristan da ke yammacin Iran, awakin dutse da zakuna da kayan linzami, waɗanda suka fara kwarara kasuwa a ƙarshen shekarun 1920. Da yawansu ba su wuce tafin hannu ba, shi ya sa ƙera jabunsu ba ya wahala.

Ka fara da takarda kafin ka ɗauki kayan. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi ita ce iyakar da manyan gidajen tarihi ke aiki da ita: abin da ba a iya nuna cewa ya bar ƙasarsa kafin wannan shekarar ba, ko ya fita da izini bayanta, ba sa saya. Wasu ƙasashen ma dokarsu ta fi tsauri, Masar ta haramta cinikin kayan tarihi da doka mai lamba 117 ta 1983. Nemi rasit na da, da kundin gwanjo mai hoton kayan, da takardar izinin fitarwa, ka kuma duba ko akwai tsohuwar lamba manne a gindi. Idan dillali ya ce maka "daga tarin wani attajiri a Turai" ba suna ba shekara, to bai faɗa maka komai ba. Bincika rumbun kayan sata na Interpol da na Art Loss Register, sannan a rubuta maka cewa za a mayar da kuɗinka in gwaji ya nuna jabu ne.

Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da kuza, kusan kashi 90 da kashi 10, wani lokaci da darma don narkakken ƙarfen ya ratsa kowane lungu. Akan siffanta dabbar da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba ƙarfe a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a ciro kayan, don haka idan ka ga guda biyu iri ɗaya sak har da tabo a wuri guda, ka yi hattara. Mai jabu yakan kwafi siffa daga na ainihi, sai nasa ya fito da zane dishi-dishi, ya ɗan fi na asali ƙanƙanta saboda ƙarfe na tsukewa in ya huce, ga ƙananan ƙuraje a lungunan kunne da hammata inda iska ta maƙale. Layin haɗi a tsawon baya ma alama ce, amma ban da kayan tsohuwar Sin, domin maƙeran zamanin Shang da Zhou da ma da mazubi mai ɓangarori suke zubi.

A fata ne ake raba gardama, wato rufin launin da shekaru ke yi wa saman tagulla. Tagullar da ta shekara dubu biyu a ƙasa ba tsatsa kawai take yi a sama ba, ƙarfen ne da kansa yake rikiɗa hawa-hawa. Wanda ke manne da ƙarfe ja ne mai duhu kamar hanta, a kansa kore mai tauri, wani wurin da shuɗi, kuma ƙasa da yashi sukan daskare a ciki. Ɗauki madubin ƙara girma mai ninki 10, ka nemi inda fatar ta ɓantare. In ka ga kore zaune kai tsaye a kan ƙarfe mai ƙyalli, babu jan a tsakani, mai yiwuwa da asid aka yi shi cikin kwanaki. Koren gaske ba ya zuwa bai ɗaya, ya fi kauri a ɓangaren da ya kwanta a danshi. Da izinin mai kaya, jiƙa ɗan auduga da asiton, ruwan da ake cire fentin farce da shi, ka goga a ƙarƙashin ciki na daƙiƙa goma. Fatar gaske ba ta motsi, fenti da gam kuwa sai su biyo audugar. Fitilar ultrabayolet a ɗaki mai duhu tana tona gyara, don gam da ciko sukan yi haske dabam. Wannan gwajin ya fi amfani a kayan Luristan, inda aka saba ɗora kan wata dabba a jikin wata. Kowane ɓari tsoho ne, haɗin ne sabo.

Kaya mai tsada ya cancanci ɗakin gwaji. Na'urar XRF tana karanta sinadaran ƙarfe ba tare da yanka ba, sai dai sama-sama take gani. Tutiya mai yawa a abin da aka ce ya girmi zamanin Rumawa abin tuhuma ce, alminiyom kuwa ya kashe magana, tun da sai bayan 1886 ya wadata. Idan kayan mai rami ne kuma yumɓun ciki na nan, ana iya ɗibar kaɗan a auna lokacin da ya sha wuta na ƙarshe. Ka tuna masu jabu na narka tsofaffin gutsattsari su yi sabon zubi, saboda haka sakamako mai kyau a sinadari shi kaɗai ba hujja ba ne.

Bayan saye, kada ka wanke, kada ka goge, kada lemon tsami ko man goge ƙarfe ya kusance shi. Wanda ya kankare fata ya kankare shaidar shekaru da rabin daraja. Burushi mai laushi ya isa, a riƙe da safar hannu ta roba saboda gishirin gumi.

Babbar barazana ita ce cutar tagulla. Gishirin kuloraid da ya shige ƙarfen tun yana binne yakan haɗu da danshi da iska ya haifar da asid, asid ya ci ƙarfe, ya sake samar da gishirin, haka abin ke ta zagayawa. Alamarta gari ne kore mai haske da ke tsirowa daga ƙaramin rami, in ka share yau ya dawo bayan makonni. Koren lafiya tauri ne da shi, wannan kuwa tsinke na kwashe shi. Da ka gani, ware kayan, saka shi a akwatin roba mai rufuwa gam da jakar silika mai tsotse danshi da ma'aunin danshi, ka riƙe danshin ƙasa da kashi 40 cikin 100. Masu gyaran kayan tarihi sukan cire garin ƙarƙashin madubi, su jiƙa kayan a benzotirayazol kashi 3 cikin etanol, su rufe da Paraloid B-72, wani siririn rufi na kariya. Sinadarin farko na da haɗari ga lafiya, a bar musu aikin.

Wurin ajiya ma yana cutarwa. Katakon oak da allunan garin katako na fitar da tururi mai cin ƙarfe, ulu kuma na fitar da sinadarin farar wuta mai baƙanta shi. Gilashi da akirilik da ƙarfe mai gasasshen fenti sun fi aminci. Kada a huda kayan ko a manna shi da gam don ya tsaya, a lanƙwasa masa mariƙi mai rufin roba. Ɗauki hotonsa ta kowane gefe ranar da ya iso, ka rubuta nauyi da tsawo, ka riƙa gwada shi da hoton duk wata uku, musamman lungun ƙafafu da gindin wutsiya inda garin ke fara ɓullowa.