Zaɓen Aikatau na Japananci Wajen Fassara Daga Turanci

Ƙamus yakan jera aikatau huɗu ko biyar a gaban kalmar Turanci guda, bai faɗa maka wanda ya dace da jimlarka ba. Kafin ka ɗauki ɗaya, duba wa ya yi aikin, a kan me, kuma ina abin ya nufa.

Fara da "give", domin nan aka fi tuntuɓe. Idan kyautar daga hannunka ta fita, ko tsakanin bare biyu ce, ageru ake cewa. Idan kuwa kai ta nufo, ko wani ɗan gidanku, sai kureru: "Tomodachi ga hon o kureta", wato abokina ya ba ni littafi. Ka sa ageta (siffar ageru ta abin da ya wuce) a wurin kureta, mai karatu zai ɗauka wani can aka bai wa littafin. In mai bayarwar malaminka ne ko shugabanka, kureru ya koma kudasaru, kai kuma in za ka miƙa masa abu, sashiageru.

Sai aikatau masu zuwa biyu-biyu. Bahaushe ba ya rikita "ya fasa kofi" da "kofi ya fashe", amma Turanci "broke" yake cewa duka biyun. Japananci na rarrabewa: "koppu o watta" akwai wanda ya fasa, "koppu ga wareta" babu wanda aka ɗora wa laifi. Haka akeru da aku wajen buɗe ƙofa, shimeru da shimaru wajen rufewa. A ƙamus na Japan, alamar 他 na nufin aikatau mai ɗaukar karɓau, yana tafiya da o kamar a "koppu o watta", 自 kuma maras karɓau, yana tafiya da ga kamar a "koppu ga wareta".

"Wear" kuwa sashen jiki yake bi: kiru ga riga, haku ga wando, safa da takalmi, kaburu ga hula, kakeru ga tabarau. "Play" na bin abin da ke hannu: hiku ga jita, fuku ga sarewa, tataku ga ganga, suru ga ƙwallon ƙafa. Asobu na wasan yara ne da shaƙatawa, kada ka haɗa shi da kayan kiɗa.

A kula da "I'm coming". Mu ma "ina zuwa" muke cewa, shi ya sa hannu ke saurin rubuta kuru. Ai kuru motsi ne zuwa inda mai magana yake. Tunda kai ne za ka tashi ka je wurin mai kira, "ima ikimasu" za ka rubuta, daga aikatau iku mai nufin tafiya.