Yadda za ka yi tafiya a jirgin ƙasa na California Zephyr da hunturu

Masu tambayar yadda ake wannan tafiyar sun yi yawa, to ga amsar a jere. Jirgin kamfanin Amtrak ne a Amurka, daga Shikago zuwa Emeryville kusa da San Francisco, tafiyar sama da awa 50.

1. Zaɓi wanda ya nufi yamma, wato mai tashi daga Shikago. Shi ne ke barin birnin Denba da safe, ya hau duwatsun Roki da rana tsaka.
2. Kama ɗakin kwana da wuri. Kuɗin abinci na cikin tikitinsa.
3. Ware ƙaramar jaka: magani, caja, rigar sanyi.
Hattara: jakar da ka miƙa a tasha ba za ka sake ganinta ba sai ka sauka.
4. Kafin a bar Denba, nemi kujera a taragon kallo mai manyan tagogi. Ba a kama wuri a can, kuma nan da nan yake cika. Wallahi wannan hawan shi ne zuciyar tafiyar, musamman dab da ramin Moffat, hanyar jirgi ta cikin dutse mai tsawon kusan kilomita 10.
5. Kwanta da wuri.
6. Tashi da asuba don hamadar Nebada. Bayan birnin Reno sai duwatsun Siyera.
7. Kada ka sayi tikitin jirgin sama na ranar isowa. Dusar ƙanƙara kan jawo jinkiri sosai.