Yadda za ku ci ajin tsara zane na shekarar farko ba tare da mun yi rigima ba

Ga abin da nake gaya wa duk ɗalibin da ya yi rijistar ajin tsara zane a shekararsa ta farko a kwaleji, tun kafin ya sayi ko fensir guda: ba wanda zai tambaye ku ko kun iya zana fuskar mutum. Wanda ya iya, madalla, amma ya ajiye baiwarsa a aljihu tukuna. Zango guda za mu yi muna jera abubuwa a kan shafi mai tsawo da faɗi kawai: ɗigo, layi, siffa, haske da duhu, launi, da kuma filin da ya rage babu komai a kansa. Wannan fili shi ya fi ba sababbin ɗalibai wahala, domin ba su saba kallonsa a matsayin wani abu ba.

Ba ni na ƙirƙiro darasin ba. Yawancin tsarinsa ya fito ne daga makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya buɗe a garin Weimar na Jamus a 1919. Duk sabon ɗalibi a can sai ya yi darasin share fage kafin a bar shi ya shiga ɗakin saƙa, ko na kafinta, ko na aikin ƙarfe. Johannes Itten ne ya riƙe darasin har 1923, sannan László Moholy-Nagy da Josef Albers suka karɓa. Albers yakan miƙa wa ɗalibai takarda zalla, ya ce su lanƙwasa, su yanka, su gano abin da za ta iya. Da aka rufe makarantar a 1933 ya koma Amurka, ya ci gaba da koyarwa a kwalejin Black Mountain, daga baya a jami'ar Yale. Dalilin da ya sa na kawo tarihin shi ne, tun asali da hannu da ido ake koyon wannan darasi, a cikin ɗaki, a gaban jama'a. Duk wata doka da za ku ji daga bakina daga nan ta taso.

Muna haɗuwa sau biyu a mako, awa uku kowane zama, kuma ku ware wa aikin kamar wasu awa shida a waje. Fashi uku nake yafewa a zango, bayan su maki zai fara zubewa. Makara uku fashi ɗaya ce. Wanda ya zo ba kayan aiki, ya zauna yana kallon na kusa da shi, ni a wurina bai zo ba. A ajin lacca mutum kan iya aron littafin abokinsa ya kwafe abin da ya wuce shi. A nan me zai kwafa? Lokacin da na tsaya a teburinsa na matsar da murabba'i ɗaya da santimita biyu, shafin ya farka, wannan ba a rubuta shi a littafi. In rashin lafiya ce ko wata larura, ku sanar da ni tun da wuri, akwai hanyar da za a bi. Abin da ba na iya gyarawa shi ne labarin da aka kawo min a makon ƙarshe.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin zane, fensir HB da 2B, abin gogewa, alƙalamin tawada baƙa, takarda mai kauri girman A3, baƙar takarda, gam, fentin guwash (fenti mai kauri da ake damawa da ruwa), burushi mai faɗin baki, rular ƙarfe, wuƙar yankan takarda da rezoji na canji, da shimfiɗar roba da ake yanka a kai. Rular roba kada ta shigo min aji. Reza tana cin gefenta, daga nan layinku ya karkace har abada.

Yanka kuwa a tsaye ake yin sa. Ku ɗora rular a kan ɓangaren da kuke son ajiyewa, domin in wuƙa ta goce ta goce cikin abin da za a zubar. Ku danne ta da hannun da ba ya riƙe wuƙa, yatsu a baya nesa da gefen ƙarfen. Kada ku nemi raba takarda mai kauri da ja guda. Ku ja a hankali sau uku ko huɗu, kowane ja yana bin sawun na baya. Da zarar kun ji takardar tana yagewa maimakon ta rabu, ko gefenta ya yi gashi-gashi, rezar ta dakushe, a canza ta. Reza mai dakushi ita ke yanka mutum, saboda ita ake dannawa da ƙarfi. Tsohuwar kuma a jefa ta cikin gwangwanin da aka tanada, ba cikin kwandon shara ba, akwai mai zuwa ya kwashe shi da hannu.

Aikin farko zai ba ku dariya: murabba'ai baƙaƙe huɗu a cikin farin fili, ku nuna min cunkoso da su, sannan natsuwa, sannan tashin hankali. Ba rubutu, ba hoto. Kafin ku taɓa baƙar takarda ina son ganin ƙananan zanen gwaji ashirin a littafinku, kowanne bai fi kwalin ashana girma ba. Ashirin ɗin da gangan ne. Biyar na farko kusan kowa a ajin iri ɗaya yake yi: a tara komai a tsakiya. Sai can wajen na goma sha biyu mutum ke gajiya ya tura murabba'i ɗaya bakin shafi rabinsa a waje, kuma a nan aikin ke farawa. Tun 1923 Max Wertheimer, masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana yadda ido ke haɗa abubuwan da ke kusa da juna ko masu kama da juna ya mai da su ƙungiya guda. Za mu karanta wannan, amma bayan kun gani da idonku.

Aikin da ya fi cin rai shi ne tsanin toka: matakai tara daga fari zuwa baƙi, tazarar kowane mataki daidai da ta na gabansa. Guwash yana sauya kama in ya bushe, don haka kada ku yanke hukunci a kan ɗanyen fenti. Ku shafa gutsattsari talatin ko arba'in, ku bar su su bushe, ku yanko, ku jera a kan tebur, ku ɗan runtse ido. Inda kuka ga tsalle, akwai matakin da ya ɓace. Inda biyu suka narke cikin juna, ɗaya ya fita. Daga nan ne za mu shiga launi, mu yi gwajin da Albers ya shahara da shi a littafinsa na 1963 kan mu'amalar launuka: launi ɗaya a kan filaye biyu daban, har ya koma kamar launi biyu.

Yanzu zaman sharhi, wanda shi ne zuciyar ajin. Ranar miƙa aiki, kafin in shigo, kowa ya riga ya liƙa nasa a bango, a miƙe, daidai tsayin ido. Mukan ɗan yi shiru muna kallo daga nesa, sannan a fara magana. Mai aikin ba ya fara bayani. Na sha ganin ɗalibi ya tashi da dogon labari kan abin da yake nufi, alhali shafin yana faɗin wani abu daban. Gani ya kori ji. In sai kun tsaya kusa da zanenku kuna fassara shi, bai gama ba.

Masu sharhi kuma, "ya yi kyau" ba magana ba ce, "ban so shi ba" ma haka. Ku fara da faɗin abin da ke gabanku: ina ido ya fara sauka, ina ya nufa daga nan, wane gefe ya yi nauyi. Misali: "Idona ya tsaya a kusurwar dama ta sama, domin nan ne kaɗai baƙi ya taɓa baki, kuma na kasa dawowa ƙasa." Wannan jimla mai aikin zai iya ɗauka ya yi gyara da ita. Aikin ake magana a kai, ba mai shi ba. Kowa zai yi magana, har mai kunya, kuma ina ba da maki a kan haka. Mai aikin ya riƙe fensir ya rubuta abin da aka ce, ko da ransa ya sosu. Ba dole ya bi kowace shawara ba, amma in mutum biyar sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to akwai dutse a wurin.

Shi ya sa nake tsananta batun jinkiri. Aikin da bai hau bango ba ya rasa rabin amfaninsa, kuma ya hana sauran ajin abin da za su koya daga gare shi. In bai ƙare ba, ku kawo shi a yadda yake, ya fi ku ɓuya. Wanda aka kawo a makare yana rasa mataki ɗaya na maki a kowane zama, bayan mako guda ba na karɓa. Amma duk aikin da ya zo kan lokaci kuna da damar sake shi bayan sharhi, kuma sabon makin nake ɗauka in ya fi.

Abu uku nake dubawa wajen maki: ko kun warware matsalar da aka ba ku, yawan neman da kuka yi a littafin zane, da tsabtar aiki. Wasu na ganin na ukun tsanani ne kawai. Ku gwada liƙa baƙin murabba'i da ɗigon gam yana leƙowa ta gefe, ku ga ko wani zai kalli tsarin. Ido gam ɗin zai bi. Ku wanke hannu kafin ku taɓa farar takarda, ku goge layukan fensir, suna da kwanan wata su tafi bayan shafi.

Kallon aikin wasu halal ne, har ina turawa a je a kalla. Kwafe tsarin wani daga intanet, ko sa manhaja ta yi muku, sifili ne, kuma maganar za ta wuce gabana zuwa hukumar makaranta. Zanen gwajinku su ne shaidarku, kada ku yage shafi ko da ya yi muni.

Minti goma na ƙarshen kowane zama na shara ne. A wanke burushi da ruwa har ya fita tas, kada a bar shi tsaye kan gashinsa a cikin kofi. Gam na feshi a waje ake amfani da shi ko a ɗakin da iska ke fita. Waya ta zauna a jaka lokacin sharhi. Kowane aiki da aka mayar muku ku ɗauki hotonsa a haske mai kyau, ku ajiye shi a kwance cikin babbar jakar zane da farar takarda tsakanin shafi da shafi, domin a makon ƙarshe zan nemi ganin su duka a jere, daga murabba'an farko har aikin launi.