Darasi na 9: Lamba biyu sun isa su nuna wuri

A ce kun dasa ɗan mangwaro a gona, kuna so ku aiki yaro ya ba shi ruwa, shi kuma bai taɓa ganinsa ba. In kuka ce masa "yana can wajen tsakiya", sai ya wuni yana bulayi. Amma in kuka ce, "Tsaya a kusurwar da bishiyar kuka take, ka yi taku 7 gabas, sannan taku 4 arewa," zai je ya tsaya a kansa. Lamba biyu, 7 da 4, sun yi aikin ɗan rakiya. Yau za mu koyi wannan dabara, mu kuma san mutumin da ake jingina ta gare shi.

Sunansa Rene Dekat, Faransawa na rubuta shi Descartes. An haife shi a 1596 a wani ƙaramin gari a Faransa, garin da yanzu yake ɗauke da sunansa. Ya yi karatun shari'a, ya gama a 1616, amma bai yi aikin lauya ba. Soja ya shiga a ƙasar Holan a 1618, inda ya haɗu da wani masani, Isaac Beeckman, wanda ya sa masa son lissafi. Daga baya ya zauna a Holan kusan shekara 20, yana tunani yana rubutu.

Kafin zamaninsa, lissafi kamar gida biyu ne da katanga a tsakani. Gida ɗaya na zane ne: layi, da'ira, kusurwa, gadon tsofaffin Girkawa. Ɗayan kuma aljabra, wato neman lambar da ba a sani ba, kuma sunan ya fito ne daga littafin Alkhawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9. A 1637 Dekat ya fitar da littafinsa kan hanyar yin tunani, da wani rataye kan ilimin zane, inda ya nuna cewa ana iya rubuta layi da lambobi, a kuma zana lissafi a gani da ido. Katangar ta faɗi ke nan. Wani Bafaranshe, Fermat, shi ma ya gano hakan a lokacin, kuma waɗanda suka biyo bayansu ne suka gyara abin ya zama layi biyu masu gittawa irin na littafin 'ya'yanku. Da yaren Faransanci Dekat ya rubuta littafin, alhali malaman lokacin da Latin suke rubutu. Ni wannan yana burge ni ƙwarai, domin ya so wanda bai yi zurfi a makaranta ba ma ya karanta.

To, ku ɗauko fensir. Ku ja layi a kwance, ku ja wani a tsaye, su haɗu a kusurwar hagu ta ƙasa. Wannan mahaɗa ita ce sifiri, ita ce kukar gonarmu. A kan kowane layi ku sa 1, 2, 3 har zuwa 8, tazara daidai wa daida. Layin kwance na yawan kaji ne, na tsaye na yawan ƙafafunsu. Kaza 1 ƙafa 2: ku je 1 dama, ku hau 2 sama, ku ɗiga. Kaji 2 ƙafa 4, ku ɗiga. Kaji 3 ƙafa 6, ku ɗiga. Yanzu ku ɗora tsinken tsintsiya a kan ɗigon nan uku. Za ku ga sun jeru a miƙe, ba wanda ya kauce.

In muka kira yawan kaji x, yawan ƙafafu y, duk layin nan sai mu rubuta shi haka: y = 2x, wato yawan ƙafafu shi ne yawan kaji sau biyu. Kada haruffan su ba ku tsoro, iyayena da 'yan'uwana. Dekat ne ya sa aka saba amfani da x, y, z ga abin da ake nema, a, b, c kuma ga abin da aka riga aka sani. Harafin mazubi ne kawai, kamar kwanon awo, abin da kuka zuba shi zai riƙe.

Daga nan masu nazarin halitta suka sami hanyar zana tafiyar dutsen da aka jefa ko tafiyar taurari, su lissafa ta. Newton na Ingila da Leibniz na Jamus sun gina nasu lissafin a kan wannan tushe. Katin awon nauyin jariri na asibiti ma haka yake: watanni a kwance, kilo a tsaye.

Dekat ya kuma bar ƙa'idoji huɗu na tunani: kada ka karɓi magana sai ka tabbatar da ita, ka rarraba matsala ƙanana-ƙanana, ka fara da mai sauƙi, ka sake bi don kada ka bar wani abu. Shi ma ya yi kurakurai, don ya ɗauka dabbobi kamar inji suke. Ya rasu a Sitokhom ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairu na 1650, cikin tsananin sanyi, bayan Sarauniya Kirsitina ta gayyace shi ya riƙa karantar da ita da ƙarfe 5 na asuba.

Aikin gida: ku zana ɗakinku a takarda, ku ɗauki kusurwar da ke kusa da ƙofa a matsayin sifiri. Ku auna da taku, ku rubuta lamba biyu na inda randa take, da na inda kuke shimfiɗa tabarma. Sannan ku sake zanen kaji, amma da awaki: akuya 1 ƙafa 4. Ku duba wane layi ne ya fi miƙewa sama, ku zo mana da amsa ran darasi na gaba.