Yadda Ɗalibi Zai Koyi Aikin Jarida a Matakin Difloma a Zariya

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, akan samu matasa da yawa a Zariya, daga Tudun Wada har Samaru, suna jimamin cewa makinsu bai kai na shiga jami'a ba, wasunsu har su haƙura da karatun gaba ɗaya. Ga wanda ke son aikin jarida, difloma ta shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha hanya ce sahihiya, kuma na ga waɗanda suka bi ta suka zama ƙwararru a gidajen rediyo da na jarida. Sai dai shekara biyu ba ta da yawa, kuma wanda ya shafe ta yana kwafar darasi domin jarrabawa kawai zai fito da takardar shaida a hannu alhali bai iya rubuta labari mai sakin layi biyar ba. Abin da ke biye shawara ce kan yadda ɗalibi zai shiga karatun, da yadda zai mayar da waɗannan shekaru biyu lokacin koyon sana'a tun daga makon farko.

Maganar shiga ba ta da tsawo. Ana bukatar kiredit a darussan da suka dace a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, sannan ka rubuta jarrabawar JAMB ka zaɓi kwalejin da kake so. Kafin ka cike fom, ka duba littafin bayanin JAMB na wannan shekarar da idonka, domin darussan da ake nema sukan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kuma mai shagon kwamfuta da ke cike maka fom ba shi zai yi asara ba idan aka yi kuskure. A nan Zariya akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, mallakar jihar Kaduna, kuma Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen koyar da aikin jarida a Samaru ga wanda zai ci gaba zuwa digiri. Ko wace makaranta ka zaɓa, ka tabbatar cewa hukumar NBTE, wadda ke kula da ilimin fasaha kuma hedkwatarta ke Kaduna, ta amince da kwas ɗin, domin difloma daga kwas ɗin da ba a amince da shi ba takan zama matsala ranar da za ka nemi ci gaba da karatu. Ka kuma je ka ga sashen da ƙafarka, ka tambayi ɗaliban da ke ciki ko ɗakin ɗaukar sauti yana aiki, ko ana barinsu su taɓa kyamara, ko kuwa kayan suna kulle sai ranar da baƙi za su zo. Gani ya kori ji.

Da zarar ka fara, za a koya maka tarihin kafafen watsa labarai, da rubutun labari, da ɗaukar hoto, da shirye-shiryen rediyo da talabijin, da hulɗa da jama'a, da talla, da dokokin aikin jarida. Dukkansu suna da amfani, amma rubutun labari shi ne gindin sauran, kuma shi ne wanda ba a iya shi ta hanyar sauraron malami kawai. Ƙa'idarsa a baki mai sauƙi ce: labari ya amsa wane ne, me ya faru, a ina, yaushe, ta yaya, kuma don me, sannan a fara da abin da ya fi muhimmanci, a bar ƙananan bayanai zuwa ƙasa, yadda edita zai iya yanke ƙarshen idan fili ya yi kaɗan ba tare da labarin ya lalace ba. Wahalar tana cikin aikatawa, domin Bahaushe ya saba da ba da labari daga farkonsa, a yi gaisuwa, a yi shimfiɗa, sannan a zo ga magana, shi kuwa labarin jarida yana son a faɗi maganar a jimlar farko. Ɗalibin da aka tura ya kawo rahoton gobara a kasuwa sau da yawa zai fara da cewa a ranar kaza da misalin ƙarfe kaza jama'a suna cikin harkokinsu, alhali mai sauraro yana so ya ji shaguna nawa suka ƙone, ko an rasa rai, da abin da hukumar kashe gobara ta ce ya jawo ta.

Maganin wannan shi ne ka ɗora wa kanka rubuta labari ɗaya a kowane mako, ko malami ya ba da aiki ko bai ba da ba. Zariya cike take da abin rubutawa. Ka shiga kasuwar Sabon Gari ka tambayi farashin mudun masara da na shinkafa wurin masu sayarwa uku, ka koma bayan mako biyu ka sake tambaya, ka ji daga bakinsu dalilin hawa ko sauka. Ka tsaya a Kwangila ka yi magana da direbobi kan kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna. Ka je kotun majistare ka zauna a bencin baya ka saurari shari'a, domin zaman kotu a buɗe yake ga jama'a in ban da wanda alƙali ya hana, kuma babu inda ɗalibi zai koyi bambancin wanda ake zargi da wanda aka samu da laifi kamar a can. Lokacin damina ka bi unguwannin da ruwa ke shiga gidaje, lokacin sallah ka rubuta hawan daba a ƙofar fadar Zazzau ba tare da ka maimaita abin da kowa ya rubuta bara ba. Duk abin da ka rubuta ka sa masa kwanan wata ka adana, ka kuma nemi wani malami ko tsohon ɗan jarida ya bi maka shi da jan biro, kada ka ji haushi idan ya dawo maka da shi jawur.

Abin da ya fi damuna, kuma wanda zan daɗe a kansa, shi ne harshe. Kusan duk darussan da Turanci ake koyar da su, don haka ɗalibi yakan ɗauka cewa Turanci kaɗai zai gyara, Hausa kuwa ai ya iya tun daga gida. Wannan kuskure ne mai tsada, domin babban kaso na aikin da ake samu a arewacin Nijeriya da Hausa ake yin sa: Rediyon Tarayya na Kaduna, gidajen rediyon jihohi da masu zaman kansu, jaridu irin su Aminiya, shafukan labarai na intanet, da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Jin Hausa daban, rubuta ta bisa ƙa'ida daban. Na sha karɓar rubutun ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki, in tarar sun rubuta “bata zo ba” a maimakon “ba ta zo ba”, ko “yace” a maimakon “ya ce”, ko su bar ƙugiyar harafi har “baƙi” ya koma “baki”, “ƙafa” ta koma “kafa”. Mai karanta labarai da aka miƙa wa irin wannan takarda minti biyu kafin a buɗe masa makirufo, dole ya yi tuntuɓe yana cikin karantawa kai tsaye, kuma shi jama'a za su zarga.

Ɗan Zariya ba shi da uzuri a nan, domin a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuma a Tukur-Tukur aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Waɗanda suka yi wannan aiki sun fuskanci matsalar da kake fuskanta yau, wato yadda za a faɗi sabon abu da Hausar da manomi da malami za su gane, suka kuma warware ta ba tare da sun cusa Turanci a kowane layi ba. Ka nemi tsofaffin kofen jaridar a ɗakunan karatu da na adana tarihi ka karanta da natsuwa, ka lura da gajartar jimlolinsu da yadda suke bayyana baƙon abu da misalin gida. Ka sayi littafin ƙa'idojin rubutun Hausa, ka sa manhajar rubutu mai haruffan ƙugiya a wayarka, ka daina rubutun gajarce ko da a saƙon WhatsApp ne, saboda hannu yakan saba da abin da aka saba masa. Sannan ka riƙa yin atisayen fassara: ka ɗauki labari ɗaya na Turanci, ka karanta shi har ka fahimce shi, ka kife takardar, ka faɗe shi da baki kamar kana gaya wa kakarka, sa'annan ka rubuta abin da ka faɗa. Fassarar kalma da kalma ita ke haifar da Hausar da ake ji a wasu tashoshi, wadda kalmominta na Hausa ne amma ginin jimlarta na Turanci ne. Wannan ba ya nufin a yi sakaci da Turanci, domin da shi ake rubuta sanarwar gwamnati da kasafin kuɗi da hukuncin manyan kotuna, kuma wanda bai fahimce su ba, kuskure zai fassara wa dubban mutane.

Kayan aiki ba sa bukatar dogon bayani. Waya mai ɗaukar sauti da hoto mai kyau, ƙaramin littafi, biro biyu da abin cajin waya sun isa ka fara. Ka koyi tace sauti da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, ka koyi buga rubutu a kwamfuta da sauri, ka kuma saba rubuta muhimman bayanai a takarda ko da kana naɗar murya, domin waya takan mutu a lokacin da aka fi bukatarta.

Darasin doka da ɗa'ar aiki shi ne wanda ɗalibai suka fi haddacewa su manta, alhali shi ne zai tsare su. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen watsa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar gwamnati ka nemi bayani, kuma ta wajabta mata amsawa cikin kwana bakwai. A ɗaya ɓangaren akwai dokar ɓata suna, da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wadda aka sha amfani da ita a kan 'yan jarida, saboda haka abin da ka wallafa a Facebook yana iya kai ka gaban alƙali kamar wanda aka buga a jarida. Kada ka yaɗa abin da ba ka tabbatar daga majiya biyu ba, kada ka zargi mutum ba tare da ka neme shi ka ji ta bakinsa ba, kuma a jihar da ta sha ganin rikicin addini da na ƙabilanci kamar Kaduna, ka auna kowace kalma kafin ka ambaci addini ko ƙabilar wanda ake zargi, domin magana zarar bunu ce. Akwai kuma batun ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Za ka gan shi tun kana ɗalibi, za a kuma ce maka haka ake yi, amma ka sani cewa wanda ya ba ka yau yana jiran ka yi shiru ranar da labarinsa mara daɗi ya zo hannunka.

Ga ɗalibai mata akwai ƙarin magana, domin wasu iyaye suna ɗari-ɗari da aikin saboda yawan fita da cuɗanya. Yana da kyau ɗaliba ta zauna da iyayenta ta nuna musu cewa aikin yana da rassa, daga tace labarai zuwa shirya shirye-shirye, ta kuma tuna musu cewa akwai labaran da namiji ba zai taɓa samu ba, kamar na cikin gidajen aure da ɗakunan haihuwa, waɗanda idan babu mata a aikin ba wanda zai ji su.

A tsakiyar karatun akwai watanni huɗu na sanin makamar aiki ƙarƙashin shirin SIWES. Ka fara neman wuri da wuri, kuma ka fifita ƙaramar tasha inda za a tura ka ɗauko rahoto a kan babbar ma'aikata inda za ka wuni a kujera kana jiran a sa maka hannu a littafi. Ka riga kowa zuwa, ka halarci taron editoci na safe idan an yarda, ka zo da shawarar labari a hannunka maimakon ka jira a ba ka, ka kuma roƙi kofen duk rahoton da aka watsa da muryarka ko aka buga da sunanka.

Bayan difloma hanya ta rabu biyu. Kana iya yin shekara ɗaya ta aikin koyo sannan ka koma babbar difloma ta wasu shekaru biyu, wadda ke ba da damar yi wa ƙasa hidima, ko kuma, idan sakamakonka ya yi kyau, ka nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hanyar fom ɗin JAMB na masu difloma. Tun zangon farko ya kamata ka san wadda kake nufa, domin makin da ka tara a shekarar farko yana shiga lissafin ƙarshe, kuma jami'o'i sukan gindaya matakin da suke karɓa. Ranar da za ka je neman gurbi ko aiki, ka tafi da takardun makaranta a jaka ɗaya, a ɗaya kuma ka zaɓi labarai goma mafi kyau daga waɗanda ka tara, biyar na Hausa biyar na Turanci, tare da rahotannin murya biyu ko uku a wayarka waɗanda kowannensu bai wuce minti biyu ba.