Yadda za ka tsara tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fata a Amurka ba tare da ka ruɗe ba

Idan za ka koyar da wannan tarihi, ko za ka yi rubutu a kansa, kada ka jera shekaru a layi ɗaya ka ce ka gama. Samo babbar takarda ka raba ta gida uku. A gidan farko ka sa abin da doka ta ce, a na biyu dabarar da aka bi aka hana ta aiki, a na uku lokacin da jama'a suka gani a ƙasa. Yawancin kurakurai daga cakuɗa gidan farko da na uku suke fitowa.

Soma da gyare-gyaren tsarin mulki uku da suka biyo bayan yaƙin basasa. Gyara na 13 ya haramta bauta a 1865, na 14 ya ba duk wanda aka haifa a ƙasar matsayin ɗan ƙasa a 1868, na 15 kuma ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa a 1870. Kada ka rubuta cewa sanarwar 'yanta bayi ta Shugaba Abraham Lincoln ta 1863 ce ta kawo ƙarshen bauta, domin jihohin da suka yi tawaye kaɗai ta shafa. Ka kuma lura cewa gyara na 15 bai haɗa da mata ba, sai a 1920 gyara na 19 ya ba su ƙuri'a.

Gida na biyu shi ne ya fi buƙatar haƙuri. Bayan gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga Kudu a 1877, jihohi ba su fito fili sun ce baƙin mutum ba zai yi zaɓe ba. Sai suka ƙaƙaba harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar karatu, wadda jami'in rajista ne ke yanke wanda ya ci da wanda ya faɗi. A 1896 Kotun Ƙoli, a shari'ar Plessy, ta halatta ware mutane bisa launin fata muddin an ce kayan more rayuwar daidai suke. Ɗalibin da bai gane wannan ba, zai kasa fahimtar abin da ya sa aka sake fafutukar neman ƙuri'a bayan kusan shekara ɗari.

Da ka iso 1954, yi hattara. Ranar 17 ga Mayu Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Brown cewa ware makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki, amma ba ta sa wa'adi ba. A 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji birnin Little Rock kafin ɗalibai baƙaƙe tara su shiga aji a makarantar fararen fata. Gundumar Prince Edward da ke Virginia kuwa rufe makarantunta ta yi daga 1959 zuwa 1964 don kada a haɗa yara.

Labarin ƙaurace wa motocin bas a birnin Montgomery ma ana yawan taƙaita shi har ya rasa ma'ana. Rosa Parks ba gajiya ce kawai ta hana ta tashi ta bar wa farar fata kujerarta a bas ba ranar 1 ga Disamba 1955, abin da ya sa aka kama ta. Sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ce a garin, ta san abin da take yi. Wata malama 'yar gwagwarmaya, Jo Ann Robinson, da abokan aikinta sun kwana suna buga takardun kira, aka ƙaurace wa motocin bas daga 5 ga Disamba har kwana 381. Masu motoci suka riƙa ɗaukar mutane zuwa wurin aiki, wasu suka taka a ƙafa. Abin da ya rufe maganar a shari'ance shi ne ƙarar Browder a kotun tarayya, wadda ta soke wariya a motocin bas. Saboda haka ka rubuta ƙauracewar da shari'ar kusa da juna, don kowacce ta ƙarfafa ɗayar.

Sannan ka bambanta dokoki uku da ake yawan rikitawa. Ta 1964 ta hana wariya a otal, gidan abinci da wajen ɗaukar ma'aikata. Ta 6 ga Agusta 1965 ta zaɓe ce, kuma ta zo ne bayan dukan da 'yan sanda suka yi wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe a gadar garin Selma ranar 7 ga Maris. Ita ce ta fi saurin cika gida na uku, domin ta dakatar da jarrabawar karatu a jihohin da abin ya fi ƙamari, ta kuma tura jami'an tarayya yin rajista: a Mississippi baƙaƙen da ke da rajista sun tashi daga kusan kashi 7 cikin ɗari zuwa kusan kashi 60 a 1967. Ta uku, ta haya da sayar da gidaje, an sa mata hannu ranar 11 ga Afrilu 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King.

Ka bar fili a ƙasan gida na biyu, ka sa 2013. A shekarar ce Kotun Ƙoli, a shari'ar gundumar Shelby, ta soke ma'aunin da ke tantance jihohin da dole su nemi izinin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓensu.