Yadda Iyali Mai Matsakaicin Ƙarfi Zai Ɗauki Nauyin Karatun Ɗansa A Jami'a

Akwai rukunin iyaye a Najeriya da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana maganar tsadar karatun gaba da sakandare, wato malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, ƙaramin jami'in sakatariya, ko ɗan kasuwa mai shago ɗaya. Ba su kai matsayin da za a kira su mabuƙata a ba su zakka ba, amma kuma albashinsu ba ya iya ɗaukar rajistar yara biyu ko uku a lokaci guda. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuma jami'o'in gwamnatin tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista a wannan shekara, irin waɗannan iyaye ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin suna jin nauyin roƙo, alhali abin hannunsu ba ya kaiwa.

Matakin farko shi ne uba da uwa da ɗalibin su zauna tare da takarda da biro, su fitar da lissafin shekara guda cif. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka kuɗin rajista ne babban nauyi, a yi ta fafutukar haɗa shi, sai bayan yaro ya koma makaranta a gane cewa abinci, ɗaki, kuɗin mota, data, buga takardun darasi da kayan gwaje-gwaje sukan zarce rajistar idan aka tara su. A rubuta komai har da kuɗin motar dawowa gida hutu da na aikin binciken kammala karatu a shekarar ƙarshe. A ganina bai dace a ɓoye wa ɗalibi wannan lissafi ba, domin yaron da ya ga da idonsa nawa ke shigowa gida da nawa ke fita ya fi kama hannunsa a makaranta fiye da wanda ake yi wa faɗa kawai a kan almubazzaranci.

Da zarar an san girman gibin, hanya mafi faɗi a yau ita ce asusun ba da rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, kuma a nan ne ya kamata mai matsakaicin ƙarfi ya tsaya ya fahimci abin da ya sauya. Dokar farko da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta gindaya cewa sai kuɗin shigar iyali bai kai naira 500,000 a shekara ba, sannan ta buƙaci masu tsaya wa ɗalibi, kuma wannan sharaɗi ya rufe wa 'ya'yan yawancin ma'aikata ƙofa. An soke wannan doka aka maye gurbinta da sabuwa a watan Afrilun 2024, wadda ta cire sharaɗin kuɗin shiga da na masu tsayawa, aka kuma buɗe shafin neman rancen a ranar 24 ga Mayun wannan shekara. Har yanzu ina haɗuwa da iyayen da ke cewa "ai wannan na talakawa ne, ba za su ba mu ba", suna dogaro da labarin tsohuwar doka, kuma abin yana ɓata mini rai ƙwarai, domin wasu sun sayar da fili ko kayan ɗakin matansu a kan abin da 'ya'yansu ke da haƙƙin nema.

Ɗalibin da kansa ne zai nema a shafin hukumar, nelf.gov.ng, da lambar jarrabawarsa ta JAMB, lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, lambar banki ta BVN, lambarsa ta ɗalibta da takardar shaidar samun gurbi. Kafin ya fara, ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a dukkan waɗannan takardu, domin bambanci ƙalilan, kamar a rubuta Muhammad a wuri ɗaya Mohammed a wani, yana iya tsayar da nema na tsawon makonni. Haka kuma sai makarantar ta shigar da bayanan ɗalibanta a rumbun hukumar kafin neman ya tafi, don haka idan shafin ya ce bai san ɗalibi ba, ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen na'ura mai ƙwaƙwalwa na makarantar za a nufa. Neman kyauta ne, duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya "shigar da suna" a guje shi.

Rancen kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura su kai tsaye zuwa asusun jami'ar, kuɗin kashewa kuma, naira 20,000 a wata, suna shiga asusun ɗalibi idan ya nemi wannan ɓangaren. Babu ruwa a kan rancen, wanda hakan ya kawar da babbar damuwar iyalai Musulmi game da riba. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya biya kashi 10 na ribarsa. Duk da sauƙin nan, bashi ne da ke wuyan ɗalibin, saboda haka wajibi ne a yi shawara da shi, a kuma karɓi iya abin da ake buƙata. Iyalin da za su iya ciyar da yaro daga gida suna iya neman kuɗin makaranta kaɗai su bar na kashewa. Wanda kuma ya karɓi na kashewar ya sani naira 20,000 ba ta kai naira 700 a rana ba, wato ciko ce, ba za ta riƙe ɗalibi ita kaɗai ba. Idan lokacin rajista ya matso kafin kuɗin su iso har aka biya daga aljihu, a adana rasit da kyau don neman a mayar da kuɗin daga makarantar daga baya.

A lura cewa rancen na makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi, har da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi, ban da masu zaman kansu. Wannan kaɗai ya isa a yi dogon tunani tun lokacin cike fom ɗin JAMB. Ɗalibin da ke zaune a Kano ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, ko na Zariya a Jami'ar Ahmadu Bello, ko na Sakkwato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya riga ya rage wa iyayensa kuɗin haya da wani ɓangare na kuɗin abinci, kuma jami'o'in jihohi da dama sukan sassauta wa 'yan asalin jiharsu.

Bayan rance sai tallafin da ba a biya. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi, hukumar tallafin karatu ta tarayya, asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF, da kamfanoni irin su kamfanin iskar gas na NLNG da gidauniyar MTN duk suna ba ɗaliban digirin farko tallafi, kuma galibin na kamfanonin sakamakon karatu suke dubawa ba talaucin gida ba, abin da ya dace da ɗan mai matsakaicin ƙarfi. Shi ya sa shekarar farko take da muhimmanci sosai: ɗalibin da ya riƙe makinsa a kan 3.50 cikin 5 ko sama da haka ya buɗe wa kansa ƙofofi da yawa. A tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa da sakamakon zango a waya, domin wa'adin neman yakan zo ya wuce cikin 'yan makonni.

Abin da ya rage bayan duk waɗannan, gida ne zai cike shi, kuma ya fi sauƙi idan aka tsara tun da wuri. Uba ya shiga adashen da kwasarsa za ta faɗo daidai da watan rajista, ko ya nemi rance marar ruwa daga ƙungiyar gama kai ta wurin aikinsa, ya kuma tambayi ofishin kuɗi na jami'ar ko ana karɓar biya kashi biyu. Kawu ko gwaggo mai hali sun fi saurin amsawa idan aka ce su ɗauki abu guda takamaimai, kamar kuɗin ɗakin kwana, maimakon a ce su "taimaka da karatun yaro". Sayen masara, wake, gero da man gyaɗa lokacin kaka a riƙa aika wa ɗalibi kaɗan-kaɗan yana rage kashe kuɗi fiye da aika masa tsabar kuɗi kowane mako. Shi ma ɗalibin yana iya koyar da yaran unguwa darasi, ko ɗinki, ko gyaran waya a ƙarshen mako da lokacin hutu, da sharaɗin a duba sakamakonsa kowane zango, idan makin ya fara sauka a rage sana'ar nan take.